Sunan Ɗana a Bakin Mika'ilu

Bari in faɗa muku gaskiya tun da wuri, kada wani ya ce na ɓoye: ba na son a yabi Mika'ilu mai jakai a gabana. Ba wai ya taɓa yi mini laifi ba. Da ma ya yi, da na samu abin kamawa. Mutumin nan ya yi mini alherin da ba wanda ya taɓa yi mini irinsa, amma har yau in aka ambace shi a majalisa sai in ji tuwon da na ci ya tsaya mini a ƙirji. Allah na tuba. Sai dai duk Unguwar Ɗinya ba wanda ya san shi kamar ni, saboda haka ni zan ba da labarinsa.

Ni ne Ɗan Iya, kwamandan 'yan sintirin ƙauyenmu, nan gefen hanyar Ɗanbatta. Shekara goma sha tara ina riƙe da gora da usur. Ɓarayin awaki nawa na kama? Ku tambayi 'yan sanda, su suka san sau nawa na kai musu mutum ɗaure da igiya tun rana ba ta yi zafi ba.

Mika'ilu sa'ana ne, kwana arba'in ne tsakaninmu. Rana ɗaya aka yi mana kaciya. Ni ban ko motsa ba, shi kuwa ya yi ta tsala ihu har kaji suka watse. Da aka kawo naman jinya, wa kuke tsammani tsofaffi suka ba cinyar kaza? Shi. Wai abin tausayi. Ni jarumi aka miƙo mini wuya. Tun daga ranar na gane yadda duniya za ta tafi tsakanina da shi.

Ubansa ya bar masa jakai uku da sana'ar ɗaukar taki. Da rani yakan tashi ya nufi bakin birni, wajen Bacirawa, tun wurin yana gonaki, ya cika mangaloli ya kawo wa manoma. Yanzu gidaje sun cinye wurin, masu kurkura, wato keken ɗaukar kaya, kuma sun ƙwace yawancin aikin. Jakai biyu suka rage masa, Duna da Goho, kuma abin da ya rufa masa asiri shi ne burtalolinmu sun yi wa mota ƙunci. Ban taɓa ganin ya daki jaki ba. In Duna ya cije a hanya, sai Mika'ilu ya samu gefe ya zauna, ya yi ta yi masa magana kamar surukinsa, har dabbar ta gaji ta tashi don kanta. Mu kuwa mu yi ta dariya.

Gaisuwarsa kuma, tabɗi! In kana sauri ka hango shi, gara ka sake hanya. Zai tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi ƙafar mahaifiyarka da ta yi ciwo shekara uku da suka wuce. Kuma ba ya yanke sunan mutum. Wanda kowa ke ce wa Kamalu, shi sai ya ja shi, Kamaluddeen, kamar mai raɗa suna. Allah bai ba shi haihuwa ba, shi da matarsa Aishatu, fiye da shekara talatin suna zaune su biyu. Amma babu yaron da aka haifa a ƙauyen nan da bai san cikakken sunansa ba.

A nan ne muka bambanta, kuma sai kun gane wannan za ku gane sauran. Mu gidanmu an riƙe alkunya da gaske. Ɗan fari ba a faɗin sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a yi masa wasa. Mahaifina har ya koma ga Allah ban ji ya kira yayana da sunansa ba. Ni ma da aka haifa mini nawa, haka na yi. Da aka yaye shi Inna, mahaifiyata, ta ɗauke shi. In zan kira shi sai in ce "kai", in zan yi zancensa sai in ce "yaron nan". Ba ƙi ba ne, wallahi. Nakan sayo masa takalmin salla in ba Inna a ɓoye, ta ce ita ta saya. Ko yanzu da nake ba ku labari, sunan ba a bakina za ku fara jin sa ba.

To, shekara biyu da suka wuce wani abu ya faru a wani ƙauye gabas da mu. Wani bawan Allah kansa ya taɓu, ya ɗauki taɓarya ya tsaya a tsakiyar hanya. Jama'a da 'yan sintiri suka yi masa zobe, wannan ya kai duka, wancan ya kai duka, da la'asar sai jana'iza aka yi. Bayan nan ne 'yan sanda suka haɗa kai da wasu likitocin ƙwaƙwalwa suka shirya horo na kwana biyar, a kan yadda za a tunkari mutumin da ya fita hayyacinsa ba tare da an zubar da jini ba. Aka ce kowane ƙauye ya ba da mutum ɗaya wanda zai riƙa aiki tare da su.

Mutum ɗaya. A Unguwar Ɗinya. Ku da kanku ku faɗa, wa ya kamata?

Ranar da Saje Uwaisu, ɗan sandan da ke kula da yankinmu, zai zo ƙofar dagaci, na sa aka goge mini kaki da dutsen guga na gawayi har yana iya tsayawa shi kaɗai. Na zauna a gaba. Maimakon Saje ya tambayi dagaci kamar yadda aka saba, sai ya juya wajen jama'a, har da mata da ke tsaye a baya, ya ce, "In rigima ta tashi a garin nan, wa kuke kira?"

Fanta mai ƙosai, wadda bakinta bai da linzami, ta ɗaga murya ta ce, "Yallaɓai, in ana so a kama mutum, Ɗan Iya. In ana so mutum ya ajiye abin da ke hannunsa, Mika'ilu."

Aka fashe da dariya. Shi gogan naku ma ba ya wurin, yana can yana sauke taki. Sai da aka aika aka kira shi, ya zo ƙafa duk toka, ya yi wa Saje gaisuwar da ta kusa sa shi makara. Aka rubuta sunansa. Ni na koma gida na cire kakin, kwana uku ban yi wa kowa magana mai daɗi ba.

Mika'ilu ya tafi horon a kan acaɓa da kayansa a leda. Ya dawo da takardar shaida, Aishatu ta liƙa a bangon zaure inda duk mai wucewa zai gani. Ni shekara goma sha tara ina kwana a waje sauro na cina, ko guntuwar takarda ba a taɓa ba ni ba. Abin da ya fi ci mini rai, in Saje ya shigo gari sai ya ɗaga mini hannu daga cikin mota ya ce "Kwamanda", amma in ya ga Mika'ilu sai ya sauko ya ce "abokin aiki". An ce hassada ga mai rabo taki ce. To shi da ma taki ne sana'arsa, ina ƙara masa yana kwashewa.

Wata rana a majalisa na ce bari in kunyata shi. Na ce, "Malam Mika'ilu, a sanar da mu jahilai mana. Me aka koya muku a kwana biyar?"

Bai ji haushi ba, shi ba ya jin haushi, abin da ke ƙara ƙona ni ke nan. Ya ce, "Sun ce a fara janye jama'a. A sassauta murya. Kada ka tsaya a kan mutum, ka zauna ƙasa. Ka kira shi da sunansa, don ya tuna shi wane ne. Daga nan ka yi shiru ka saurara."

Na ce, "Ikon Allah! Kwana biyar don a koya wa ƙato zama!"

Ya yi murmushi ya ce, "Zaman kam Duna ya daɗe da koya mini. Su abin da suka ƙara mini shi ne lambar Saje, da asibitin da za a kai mutum in ya sauko."

Aka yi dariya, kuma ban tabbata da shi ake yi ba.

A lokacin yaron nan nawa yana da shekara ashirin da shida, yana tuƙa adaidaita sahu tsakanin Bacirawa da cikin gari. Yaro mai nutsuwa, ba ya shan komai. Ana cikin damina wata yarinya ƙarama ta ɓullo da gudu daga bayan wata mota ta faɗa gabansa. Kowa ya shaida ba laifinsa ba ne, iyayenta ma suka ce ƙaddara ce, sun yafe. Ya dawo gida. Ya daina cin abinci sosai, ya daina fita, uwarsa ta ce ba ya runtsawa. Ni da na ji sai na ce, "Namiji ne, zai warware." Na sa aka karɓo masa rubutu. Ban shiga ɗakinsa na zauna ba, don ba a yin haka. Mika'ilu ya tare ni sau biyu a hanyar masallaci yana cewa a kai yaron a duba shi. Na ce masa takardar bango ba ta mai da shi likita ba.

Ranar da abin ya faru ana tsakiyar yankan gero, da hantsi. Ina gona sai na ji ihun mata daga wajen tsohuwar rijiya, wadda ke bayan gari, mai zurfin gaba ashirin. Na jefar da kayan aiki na ruga. Ina zuwa na gan shi. Yana zaune a bakin rijiyar, ƙafafunsa duka biyu a ciki, adda a hannunsa. Duk wanda ya matso sai ya ɗaga ta. Idanunsa a buɗe amma ba mu yake kallo ba.

Kafin ka ce kwabo gari ya taru. Yarana na sintiri sun zo da gorori da igiya, suna jiran in ba da umarni. Wasu na salati, wasu na cewa aljanu ne, wani na ɗauka a waya. Ni kuwa na yi abin da na iya. Na tsaya a kansa na daka tsawa: "Kai! Kai! Tashi daga nan! Ba ka ji ina magana ba? Kai!"

Duk tsawa ɗaya sai ya ƙara zamewa gaba kaɗan. Na ga haka da idona, amma bakina ya ƙi tsayawa.

Sai na ji hannu a kafaɗata. Mika'ilu ne, ya bar Duna a gindin ɗinya da kaya a bayansa. Ya riga ya kira Saje. Ya ce a hankali, "Kwamanda, kai kaɗai mutanen nan za su ji. Ka mai da su bayan shingen can, har da masu gora."

Wannan kam aikina ne. Na busa usur, na kora su kamar tumaki. A daidai lokacin motar 'yan sanda ta iso, ba jiniya, ta tsaya can nesa. Saje Uwaisu ya sauko hannu wofi, ya ce wa ƙaramin ɗan sandan da ke riƙe da bindiga ya zauna a mota. Ya zo ya tsaya a bakin shinge, bai ƙara taku ɗaya ba.

Na dawo, Mika'ilu ya tare ni, ya raɗa mini: "Ɗan Iya, kai ne ubansa. Zauna ƙasa ka kira sunansa. Naka zai fi nawa."

Kun ji? Bai ƙwace ba. Ni ya fara miƙa wa. Da ya ƙwace da na samu abin riƙe shi da shi har kabari.

Na durƙusa. Na buɗe baki. Ga dagaci a bayan shinge, ga liman, ga surukaina, ga matan gari kaf. Sunan yana nan a kan harshena, ni na zaɓe shi, ni na raɗa wa liman shi ranar suna. Wallahi na tura, na tura, ya ƙi fita. Ɗana yana bakin rijiya, ni kuma ina jin kunyar Fanta mai ƙosai. Abin da ya fito shi ne, "Kai, yaron nan..."

Ya ƙara zamewa.

Mika'ilu bai ce mini komai ba. Ya cire takalmansa, ya je kamar taku goma daga rijiyar, ya zauna dirshan a cikin rana, ya miƙe ƙafa. Ya ce, "Muhammad Awwal. Ina kwana?"

Yaron ya ci gaba da kallon cikin rijiyar.

"Muhammad Awwal, Mika'ilu ne. Ba zan matso ba. Ina gajiya?"

Haka ya yi ta jan gaisuwar nan tasa da muka shekara hamsin muna gudu. Ya yi tambaya, ya yi shiru har ka ɗauka ya yi barci, ya sake wata. Bai ce masa ya tashi ba, bai ce ya ajiye adda ba, bai yi masa wa'azi ba. Ni ina durƙushe a baya, gumi na zuba, zuciyata na cewa: yau mai jaki zai kashe mini ɗa. Inuwa ta yi ta janyewa har ta koma ƙarƙashin ƙafa.

Can sai Mika'ilu ya ce, "Yarinyar nan, yaya sunanta?"

Na kusa tashi in shaƙe shi. Wata biyu muna hana kowa tayar da zancen a gidan.

Yaron ya juyo da kansa, karo na farko. Ya ce, "Tahira." Muryar kamar ba tasa ba. Ya sake cewa, "Tahira. Takalminta ɗaya ya maƙale a ƙarƙashin keken." Daga nan magana ta ɓalle. Ya faɗi launin hijabinta, ya faɗi yadda ya ɗauke ta, ya ce kowa na cewa an yafe masa amma ba wanda ya tambaye shi ko shi ya yafe wa kansa. Yana yi yana kuka. Mika'ilu ba abin da yake cewa sai "Na ji, Muhammad Awwal. Ina jin ka." Wata biyu maganar nan tana cikin gidana, bango ɗaya ne tsakanina da ita.

Da kukan ya lafa, aka fara kiran azahar daga ƙauyen da ke kusa. Mika'ilu ya waiwaya gindin ɗinya ya ce, "Ashsha. Na manta da Duna. Tun hantsi yake tsaye da kaya, kuma mangala ba ta saukuwa da mutum ɗaya. Muhammad Awwal, ko za ka kama mini gefe guda?"

Yaron ya dubi jakin. Ya daɗe yana dubansa. Sai ya ajiye addar a kan dutse, ya fito da ƙafa ɗaya, ya fito da ɗayar. Suka tafi tare, ba wanda ya riƙe wani, suka sauke wa jaki kaya. Bayan shinge mata suka fashe da kuka. Yarana suka yunƙura da igiya, Saje ya ɗaga hannu kawai suka tsaya.

Ba caji ofis aka kai shi ba, asibiti aka wuce da shi. Da za su shiga mota Saje ya tambaye shi wa yake so ya raka shi. Ina tsaye a gabansa. Ya ce, "Baba Mika'ilu."

Na yi wa Allah godiya, na yi sujada a nan cikin ƙasa, kowa ya gani. Abin da ba su gani ba shi ne, ina ɗagowa na hango ƙeyar Mika'ilu a bayan mota kusa da ta ɗana, na ji wani abu ya soke ni wanda ba godiya ba ne. Kishi ne, tsagwaronsa. Mutumin da bai haifa ba ya tafi da nawa.

Sati uku ya yi a asibiti. Ya dawo yana shan magani, yana cin abinci, duk wata Saje kan biyo ya tambayi lafiyarsa. Likita ya ce kada ya zauna haka nan, kuma shi ya ce ba zai sake taɓa keke ba. Sai ya koma bin jakai. Goho yanzu a hannunsa yake. Aishatu na ajiye masa fura. Na kai wa Mika'ilu buhun gero na godiya, ya karɓa, washegari ya aiko da rabi gidana wai rabon abokin aikinsa ne, wato yaron nan. Ko godiyar ma bai bar ni na gama ba.

Ni kuwa na shiga wani aiki da ban gaya wa kowa ba. In na je gona, na tabbata ba kowa, sai in faɗi sunan. Ranar farko raɗa ce. Bayan sati na iya faɗa wa wata bishiyar kuka da ƙarfi. Dattijo mai furfura, kwamanda guda, yana tsaye yana kiran bishiya. Da wani ya gan ni da ni ma an kira mini Mika'ilu.

Rannan da safe, bayan an gama kaka, na fito na same shi a turken awakinmu yana loda taki a mangala, ya ba ni baya. Uwarsa ta tafi gidan suna, ƙannensa suna makaranta. Daga ni sai shi sai awaki. Na ce yau ko a mutu ko a yi rai. Na gyara murya.

Na ce, "Muhammad Awwal."

Bai juyo ba. Ya ce, "Na'am, Baba Mika'ilu, saura shebur biyu."

Sai ya waiwayo. Ya gan ni, ya leƙa bayana wajen zaure, ba kowa. Ya ce, "Baba, ka ji an kira ni?"

Na ce, "Ni ne."

Ya tsaya riƙe da shebur, yana kallona kamar baƙon da ya yi ɓatan hanya. Idanunsa suka cicciko. Ya ce, "Yi haƙuri, Baba. Ban san muryarka da shi ba."

Ina neman abin da zan ce, sai ga kukan Duna a ƙofar gida, da muryar nan mai sanyi tana sallama tana jan sunan har ƙarshensa. Yaron ya dube ni, ya dubi zaure. Na ce masa ya je, kada su yi rana. Ya miƙo mini shebur ɗin, ya ja Goho ya fita.

Na bi su a baya har ƙofa, na tsaya ina ji suna tafiya. Ni shekara ashirin da shida, sau ɗaya na faɗa a kunnensa. Mika'ilu kuwa, na ƙirga, kafin su kai bakin burtali ya faɗa sau huɗu.